Abin da Kawu Ya Kafa a Fadama

Shekarar da kamfanin robar da nake wa aiki a Kano ya rufe, na tattara 'yan komatsaina na dawo Hadejia wurin Inna. An sallame mu ne da alkawarin za a neme mu idan al'amura sun daidaita, ni kuwa na rungumi alkawarin nan hannu bibbiyu. Waya ba ta barin hannuna. Ko alwala zan yi sai na ɗora ta a kan bulo inda idona zai riƙa ganinta. Da safe in fita kasuwar kifi ba don zan sayi komai ba, in zaga ta tasha in kalli motocin Kano suna lodi, in dawo in zauna a zaure, kafin tabarma ta ɗumama na sake miƙewa. Inna ta zuba mini ido har ta gaji.

"Kai dai ka zama kazar da ke neman wurin ƙwai," ta ce wata rana tana tankaɗe. "Tunda ƙafarka ba ta zama, je ka dubo mini kawunka. An ce ya mai da gidansa bola."

Kawu ƙanin Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya daɗe yana koyar da zane a wata sakandare a Malam Madori. Da ya yi ritaya ya dawo gida, bai jima ba matarsa ta rasu. 'Ya'yansa duk mata ne, kowacce tana ɗakinta, babbar a Birniwa. An yi masa maganar ƙara aure har an gaji. Shi kaɗai yake zaune a gidan, sai abinci da Inna ke aika masa.

Na same shi a tsakar gida zaune a kan kifaffen turmi, tarkace sun kewaye shi: guntayen bututun roba irin na masu noman rani, tsofaffin kwanukan sha da suka huje, tasoshi masu tsatsa, da gorunan masunta da suka tsage aka ɗinke. Yana riƙe da bututu ɗaya da ya yanka wa baki kamar na sarewa. Sai ya hura, ya karkata kai ya saurara, ya ɗan ƙara yankewa, ya sake hurawa.

Na durƙusa na gaishe shi.

"Lafiya lau," ya ce. "Yaya ce ta turo ka ka ga ko na haukace."

"Cewa ta yi in gaishe ka."

"To ka gaishe ni. Riƙe nan."

Na riƙe masa ƙarshen bututun, ya ci gaba da yanka. Ban bar gidan ba sai da aka kira magariba. Washegari kuma na koma, ba don na gane abin da yake yi ba, sai don na samu inda zan kai hannuna.

Kawu yana da gonar gado a fadama, a bayan jingar da ta tsare gari daga kogi. Ruwa ya sha cinye masa shinkafa a can har ya haƙura da nomanta. A tsakiyar gonar akwai ɗan tudu, nan ya ce za mu kafa abin da yake haɗawa. Muka samu mai amalanke ya kwashe mana kayan, muka haɗa da dogayen sandunan bishiyar turare. Bazara ce a lokacin, irin wadda ganye ko motsi ba ya yi. Muka haƙa ramuka, muka kafa sandunan a kewaye, da faɗin da mutum zai shiga tsakiya ya tsaya. A can sama Kawu ya ɗaure bututun, dogo da gajere, kowanne bakinsa na kallon wani gefe daban. Ƙasa da su ya rataye kwanukan da tasoshin a karkace. Daga kowane rukunin bututu igiyar kaba ta sauko daidai ƙirjin mutum. In ka ja ta, sai bututun su juya su fuskanci wani wajen. Gorunan kuwa a ƙasa ya ajiye su, kowanne ɗaure da doguwar sanda mai ƙyalle a kai, a kwance.

"Waɗannan fa?" na tambaye shi.

"Na ruwa ne. In ya zo zai ɗaga su."

Aiki da Kawu ba shi da ƙarshe. Abin da muka ɗaure da safe, da yamma zai ce a kwance. Bututu ɗaya sai ya sauya masa wuri sau da yawa, ya tsaya daga nesa ya kalla, ya dawo ya ce a mai da shi inda yake da farko. Nakan hau sanda rana na dukana, waya a aljihu, in ji kamar ta yi motsi, in sauko da sauri in duba, ba kowa. Wata rana na kasa haƙuri.

"Wai Kawu, in an gama me za a yi da shi?"

"A taɓa shi."

Ya goge gumi da bakin hula.

"Duk shekarun da na yi a aji, ba maganar da na fi faɗa kamar 'kada ku taɓa'. In yi zane a allo in ce kada a goge. In manna takarda a bango in ce kada a sa hannu. Ƙarshen zango in tarar gara ta ci, ko rufi ya yi yoyo a kai. Gara da ruwa ba su taɓa jin maganata ba. To yanzu na sallama. Iska ta taɓa, ruwa ya taɓa, mutum ma ya taɓa."

Sai dai iskar ta ƙi zuwa. Abin ya tsaya a tsakiyar fadama shiru, kamar rumfar da aka fasa rufewa. Masu wucewa a kan jinga su tsaya su leƙo, su yi gaba. Na fara jin kunyar a gan ni a wurin. Kawu shi ma zama ya gagare shi. Sai ya tsinci busasshiyar ciyawa ya saki daga sama ya ga inda za ta karkata, ta faɗo a kan ƙafarsa.

Wata la'asar muna zaune a inuwar bishiyar maina da ke bakin gonar, gabas ta yi baƙi. Iska ta fara da kaɗa ƙyallayen, sannan dogon bututun da ke gefen kogi ya yi wani gurnani mai kauri, a hankali. Wani siriri ya amsa daga ɗaya gefen. Kafin mu miƙe duk sun ɗauka, wani na hawa wani na sauka, tasoshi suna gogar juna. Ba kiɗa ba ne, don ba wanda zai iya taka rawa da shi, amma kuma ba hayaniya ba ce. Kawu ya ruga kamar ba dattijo ba, ya shiga tsakiya ya kama igiya ya ja. Muryar ta sauya nan take, ta yi sama. Ya saki, ta dawo. Da ruwan ya sauko, manyan ɗigo suka fara dukan kwanukan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da irin ƙararsa. Muka tsaya a ciki muka jiƙe sharkaf. Sai da za mu tafi Kawu ya nuna wani kwano ya ce gobe a sauke shi, ya cika surutu.

Daga ranar mutane suka fara saukowa daga jinga. Mata masu tallar nono sukan sauke ƙwarya su ja igiya, su yi dariya su ja da baya. Manoma masu dawowa da yamma sukan biyo. Akwai wani dattijo Bafulatani da ke bi da shanunsa ta gefen gonar, wanda ya fi kowa daɗewa a ciki. Yakan rataya sandarsa a kafaɗa, ya bi igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, yana ja kaɗan-kaɗan. Ran nan ya tsayar da wani bututu ta wata fuska da ba mu taɓa gwadawa ba, sai ya ba da wani dogon kuka, har shanun suka ɗago kai.

"Malam," ya ce wa Kawu, "wannan kukan nagge ne, wadda aka raba da ɗan maraƙinta."

Wannan bututun kaɗai ne Kawu bai sake taɓawa ba.

Ba kowa abin ya yi wa daɗi ba. Maƙwabcinmu na gona, wanda ya yafa irin shinkafa a gefen da mutane ke bi, ya zo ransa a ɓace. Yana da gaskiya, an tattake masa iri. Amma bai tsaya nan ba.

"Malam, kai da girmanka da iliminka, ka rasa abin yi sai wannan aikin iska?"

"Na iska ne kam," in ji Kawu. "Irin da aka taka maka kuwa laifina ne, zan gyara."

Maganar ta shiga gari ta sauya kama. Aka ce Kawu iskoki yake kira, wai tun rasuwar matarsa yake magana da su. Wata ta ce ɗanta ya taɓa igiyar ya kwana da zazzaɓi. Inna ta daina zuwa gidan suna don kada a tare ta da zancen. Ni ma ta sa ni gaba, ta ce ta aike ni in dubo mata ɗan'uwa, na je na zama ɗan kwangilarsa.

Limamin unguwarmu ne ya kashe maganar. Bayan sallar la'asar ya ce wa Kawu yana so ya gani da idonsa. Muka taka tare har gonar, yana tattare babbar riga saboda taɓo. Ya zaga abin a hankali, ya leƙa cikin gora ɗaya, ya ƙwanƙwasa tasa da ɗan yatsa.

"Akwai siffar mai rai a jiki?"

"Babu, Malam."

"An binne wani abu a ƙasa?"

"Gindin sanduna kawai."

Liman ya kama igiya ya ja. Iska ba ta da ƙarfi a ranar, sai wani siririn fito ya fita. Ya saki, ya sake ja.

"To ni ban ga komai ba sai bututu," ya ce. "Amma haƙƙin maƙwabci yana nan. Ku fitar wa mutane hanya."

Muka yi shinge da kaba, muka fitar da 'yar siririyar hanya daga jinga har tudun. Kawu ya kai wa maƙwabcin wani irin. Ya karɓa, amma ko sau ɗaya ban ga ya kalli inda abin yake ba.

Damina ta yi nisa, marka ta kama. Ruwa ya riƙa sauka ba ƙaƙƙautawa, kogi yana cika. Aka fara cewa za a saki ruwa daga madatsun da ke sama da mu. A Hadejia in aka shiga wannan lokaci ba mai zama da daɗi. Kowa ka gani idonsa na kan kogi, gaisuwa ma takan koma "ya ruwa?" Mazan unguwa muka fita jinga da shebur da buhuna, muna cika su da ƙasa muna jerawa a inda ta yi rauni. Labari ya zo cewa ruwa ya shiga gonakin wajen Miga. Daga kan jingar muna hango gonar Kawu. Ruwa ya fara malalowa ta cikin ciyawa, ya kewaye tudun, ya shafe hanyar da muka fitar. Wata safiya wani da ke riƙe mini bakin buhu ya ce, "Duba, abin kawunka ya ɗaga hannu." Gora ɗaya ya taso, sandarsa ta miƙe, jan ƙyalle yana kaɗawa. Kafin yamma wasu sun bi shi.

Na ajiye shebur na tafi gidan Kawu.

"Mu nemi jirgi mu kwance shi tun da sauran dama. Ko bututun ne mu tsira da su. In ruwa ya janye sai a sake kafawa."

"A'a."

"Kawu, bazara guda muka yi muna wannan aiki."

"Na sani, ina wurin."

"To ka bari ruwa ya tafi da shi?"

"Na ji abin da iska ta yi da shi. Na ji na ruwan sama, na ji na mutane. Na kogi ne ban ji ba. Don shi na sa gorunan."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni ne na hau sandunan nan, igiyar kaba ta yayyanka mini hannu, kuma a shekarar nan kaf ba wani abu da zan nuna in ce ga abin da na yi sai shi. Na faɗa masa haka. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce jirgi kam za a nema, amma ba don kwancewa ba. Zuwa zai yi ya saurara. In ina so in zo.

Da Inna ta ji, ta yafa mayafi ta tafi gidansa da kanta. Ban san abin da suka faɗa wa juna ba. Ta dawo ta zauna a bakin murhu ta daɗe ba ta hura wuta ba, sannan ta ce, "Tun yana yaro haka yake. Ka bi shi, kada ka bar shi ya fita daga jirgin."

Wani masunci da Kawu ya taɓa koyar da 'yarsa ya yarda ya kai mu. Muka shiga da hantsi. Fadamar da na sani ta ɓace, ruwa ne ja shimfiɗe har inda ido ya tsaya, sai kawunan itatuwa da kacalla, doguwar ciyawar nan da ke toshe hanyoyin ruwa. Muka bi ta kan gonar maƙwabcinmu. Shinkafarsa tana ƙasa, ko ganye ɗaya ba a gani.

Tun kafin mu isa muka fara jin sa. Ruwa ya kai rabin sandunan. Gorunan duk sun taso, sandunansu a miƙe kamar 'yan aji sun san amsa. Bututun da ke ƙasa-ƙasa ruwa ya shiga cikinsu, in igiyar ruwa ta taso sai muryarsu ta yi sama, in ta sauka su yi wani gunji kamar ana zuba ruwa a tulu. Kwanukan da ruwa ya kai gare su suna yawo a ƙarshen igiyoyinsu, suna karo da juna a hankali. Masuncin ya kama wata sanda ya tsayar da jirgin. Kawu ya miƙa hannu ya dafa ta, ya rufe ido.

"Sa hannunka nan," ya ce mini.

Na dafa. Sandar tana rawa, wata irin rawa mai sauri da ido ba ya gani, tun daga ƙasa take hawowa ta shiga tafin hannu har gwiwar hannu. Ƙarfin kogin ne duka yake wucewa ta gindinta. Na ɗauke hannuna, na sake mayarwa.

Kawu ya so mu zaga ta ɗaya gefen. Ya miƙe tsaye zai kamo wata igiya, jirgin ya karkata, ruwa ya kwararo ciki ya jiƙa shi har ƙugu. Na riƙo rigarsa na zaunar da shi. A lokacin ne masuncin ya nuna sama da haɓa. Wani maciji ya naɗe a kan bututun da ke bisa kanmu, shi ma ruwa ne ya koro shi.

"Malam, wurin ya yi mai shi," ya ce. "Mu tafi."

A hanyar dawowa aka tsuge da ruwa. Kawu yana zaune a tsakiyar jirgi yana karkarwa, amma kansa a juye yake, yana sauraro har muka daina ji.

Ba mu ga faɗuwar abin da muka kafa ba. Kawu ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, ina jinyarsa. Masu aikin jinga ne suka ce wata safiya sun ga ya karkata, kafin azahar babu shi. Jingar unguwarmu ta riƙe, ruwa bai shigo gari ta wajenmu ba, amma gonakin fadama kaf sun tafi, kuma a makonnin nan ba wanda yake da sararin jajanta wa mai bututu. Na rasa yadda zan faɗa masa. Sai da ya fara shan kunu da kansa na gaya masa.

"Ta wane gefe ya kwanta?" ya tambaya.

"An ce gabas."

"To inda ruwa ya nufa ya bi."

Zazzaɓin ya sauka amma ya bar shi ba ƙarfi. Babbar 'yarsa ta zo daga Birniwa da mijinta, suka ce ba za su sake barinsa shi kaɗai ba. Ya yi gardama, Inna ta goyi bayansu, ya haƙura. Ni na rufe masa gidan. Na share tsakar gida, na tara ragowar guntayen roba a lungu, na kai wa Inna mabuɗi.

Kamfaninmu bai sake buɗewa ba. Da kaka wani abokina ya samo mini aikin kula da sito a wani shago a Kano, na karɓa ba tare da na tambayi komai ba. Ban daɗe a can ba na sauya wani, daga shi ma na sauya. Nakan je Birniwa in na samu hutu. Kawu ya rame, hannunsa ba ya riƙe wuƙa sosai yanzu. Yana ƙorafin iskar can, wai ba ta da laima, ba ta zama a cikin bututu, wucewa kawai take yi. Duk zuwan da zan yi sai ya ba ni saƙon abin da zan kawo masa daga 'yan gwangwan: wayar keke, ƙararrawar da ta fashe, sarƙar babur.

Kwanakin baya 'yarsa ta kira ni. Bayan mun gaisa ta ce in yi wa Baba magana, ni yake ji. Ta dawo daga awo ta tarar ya kwashe mata murafen tukwane kaf, ya hau da su kan bishiyar da ke ƙofar gida ya rataye, jikoki suna riƙe masa tsani. Ta ce shinkafar rana da faifai ta rufe ta. Na ce ta ba shi wayar. Na ji takunta, na ji tana cewa, "Baba, ga ɗan Gwaggo." Daga nesa na ji ya ce ta ce mini yana sama, in kira an jima.